Me Suke Nema da Irin Dawar Babanmu?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Asabe daga Ketaren Gwari, kuma wallahi hankalina bai kwanta ba.

Babanmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Kuta. Yana da irin dawa da ya gada wajen kakanmu, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri sai ya nuna. Zangarniyar yake ratayewa saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwari taɓa ta.

Bana wasu samari suka je da mota, wai bincike suke yi. Suka ɗauki hoton murhun, suka yi ta tambayoyi. Daga baya suka dawo da sabon iri kyauta, wai ya ba su tsohon duka, zamani ya wuce shi.

Baba ya kira ni ya ce, "Asabe, in ba su?"

Na ce, "Baba, ko ƙwaya ɗaya kada ta fita sai na zo."

Jama'a, ku ba ni shawara. In har namu ba shi da amfani, me ya sa suka ƙona mai har sau biyu don su kwashe shi?