Akwatin Rediyon da Ya Yi Shiru Gaban Sarkin Kasuwa

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, daga tela a Dutsin-Ma.

Na sayi tsohon akwatin rediyo a kasuwar Kurfi. Ashe da ya ɗau zafi sai ya ɗauke magana. Na ɗauka in mai kaya ya ce "na sallama", shi ke nan, ba a mayarwa.

Da kasuwa ta zagayo, na kai kuka wurin Sarkin Kasuwa. Ya kira mai kayan, ya ce, "A kunna, mu sha fura." Ba mu shanye ba, akwati ya yi tsit! Sarki ya ce wa mai kayan, "Ka ɓoye aibi, ciniki ya warware. Ɗauki kayanka, ka mayar masa da kuɗinsa."

Ikon Allah, ashe talaka na da wannan haƙƙi! Ina gaida Malam Sule maƙwabcina, don a akwatinsa zan ji wasiƙar nan.