Ramin Sharar da Ya Ci Mini Saniya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni manomi ne a bayan garin Kazaure, gonata tana daf da ramin da motocin shara suke juyewa.

Shekara uku ke nan wani jami'i ya zo ya auna ramin, ya ce sai jikokina ne za su ga cikarsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, bazara ce, manoma sun kwashe taki, shi ya sa ka ga zurfi. Kuma sun fara gudunsa, don leda ta fi takin yawa." Ya yi dariya, wai ban taɓa riƙe biro ba.

To, bana rami ya cika har ya malalo gonata, an ƙi rufewa wai takardarsa ta ce da saura. Saniyata ta ci leda, cikinta ya kumbura, dole muka yanka ta.

Ledar da muka ciro tana nan a buhu, ban wanke ba. Wallahi sai na zazzage masa ita ya auna!

Masu sauraro, shawara ɗaya nake nema: teburinsa zan kai masa, ko ƙofar gidansa?