Jaririn Yayana da Bai Yi Aure Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza, 'yar kwaleji a Tasawa. Ban taɓa rubuto muku ba.

Ran Lahadi saƙo ya shigo wayar innata. Ni nake karanta mata. Mai saƙon ya ce shi ne yayana Sani da ke aiki Agadas, wai an sace wayarsa, yana cikin matsala. Ya ce a sayi katunan kiredi, a kankare, a tura masa lambobin.

Inna ta miƙe ta ce, “Kwance akuyar nan, mu kai kasuwa.” Akuyar ke nan gare ta.

Na ce, “Inna, ki ɗan dakata.” Na rubuta masa: “Yaya, ina matarka da jariri?” Ya amsa: “Lafiya lau, suna gaishe ku.” Malam, Yaya Sani ko budurwa ba shi da ita.

Sai na tsinto tsofaffin katuna a bakin shagon maƙwabcinmu, na tura lambobinsu. Ya ce ba su shiga. Na ce ya ƙara gwadawa, ko rezo ne, wato matsalar layi. Da ya gaji ya zage ni.

Da yamma muka samu Yaya Sani a lambarsa. Ya ce, “Yaushe kuka yi mini aure ban sani ba?” Inna ta yi dariya har da hawaye.

Jama'a, ku yi tambaya kafin ku tura. Akuyarmu tana turke. Ina gaida ƙawata Rabi a Korgom, ta riƙa karanta wa kakarta saƙo da hankali.