Aminina Ya Toshe wa Bareyi Hanya

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Abdu makiyayi daga Tarka.

Tun ina yaro bareyi ke bin wani burtali daga tudu zuwa tabki. Bayan babban fari gonaki suka yanyanka daji, hanyar nan kaɗai ta rage musu. Aminina Idi ya ce a gaban dattawa, "Wallahi ba zan sa mata fartanya ba." Da na dawo daga doguwar tafiyar kiwo, sai ga gero da shingen ƙaya a kan hanyar! Wata barewa ta maƙale a shingen, Idi ya yanka ta, har ya aiko mini da cinya.

Jama'a, ku ba ni shawara: in ci, ko in mayar masa da namansa?