Baban Lab da Autarsa

Shugaban asibiti, likitoci da malaman jinya, Hajiya mai ɗakin marigayi, 'ya'ya da jikoki, abokan aiki, assalamu alaikum.

Mu 'yan ɗakin gwaji, Baban Lab muke ce masa. Ya kasance mutumin da ya tsufa a kan madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa. Zai shafa jini a gilashi, ya sunkuya yana ƙirga ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi kamar mai lazimi. Ka yi masa magana a lokacin, ka sha harara.

Sai ido ya fara gazawa. Muna kallo yana goge tabarau, yana sake ƙirgen da ya gama, ga iyayen yara masu sikila a benci suna jiran sakamako. Muka rasa mai faɗa masa. Shi ya faɗa da bakinsa: "Idon nan ya fara yi mini ƙarya. Ku kawo kwamfutar nan da kuke ta zance."

Ya kasance mai haƙurin koyarwa. Muna ɗaukar hotunan jini, shi yana nuna wa manhajar kwamfutar a kan allo: wannan ƙwaya ce, wannan datti ne, waɗannan biyu ne suka manne. Ranar da ta ƙirga ƙura a matsayin ƙwaya, muka fashe da dariya. Ya ce, "Ku bar mini auta, ku ma haka kuka fara." Yau kafin uwa ta gama lallashin ɗanta, sakamako ya fito.

Da ya kwanta ciwo, jininsa ya zo teburinmu. Abin da allo ya nuna bai yi mana daɗi ba. Ni na kai masa. Ya ce, "Auta ce ta ƙirga?" Na ce ita ce. Ya yi murmushi: "To, ba ta ƙarya. Kira mini Hajiya."

Hajiya, kin sha ɗumama masa abinci saboda mun riƙe shi a wurin aiki, ki yafe mana. Ku 'ya'yansa, ɗakin gwajin nan gidanku ne, ku riƙa leƙo mu.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙansa, ya yalwata makwancinsa, ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.