Tsumman da Na Shafa wa Igiya

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya tabbata a kanku, 'yan'uwa. Ku ce amin, amma a hankali, kun san bangon gidan nan bai da kauri.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Bulus, mutumin Kaltungo. Shekarata shida a Riyad ina gyaran lifta a dogayen benayen unguwar Ulaya. Na san wasu a ɗakin nan sun ce Bulus ya ƙare, ya tattara ya koma gida ya kama noman gyaɗa. Na ji, an faɗa mini. To ga Bulus tsaye a gabanku, kuma da bakina zan ba da labarin, kada wani ya ba da shi a karkace.

Bara ina tsaye a kan rufin lifta, a hawa na ashirin da biyu, birki ya saki. Hawa uku muka zube ni da ita kafin ƙarfen tsaro ya cafke. Ko ƙwarzane ban yi ba. Na fito ina dariya, abokan aiki suna dukan kafaɗata, har nan na zo na ba da shaidar godiya, kuka tafa mini a hankali. Abin da ban gaya muku ba shi ne, tun daga ranar in na leƙa ramin lifta sai tsoro ya kama ni, in kasa hawa, in ja da baya.

Sai na koyi ƙarya. Ni mai gyaran lifta, na koma hawa bene ashirin da ƙafa, in an tambaye ni in ce tumbi nake ragewa. Tumbin kuwa yana nan, ga shi kuna gani.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. A aikinmu, duk wata sai ka hau rufin lifta, ka riƙe tsumman auduga a kan igiyar ƙarfen da ke ɗauke da ita, a tafi da kai a hankali daga sama har ƙasa. In akwai silin waya da ya tsinke, zai kama tsumman, ka ji a hannunka. In ka gama ka sa hannu a takarda cewa igiya lafiya. 'Yan'uwa, wata bakwai ina sa hannu ban hau ba. Lifta goma sha ɗaya! Mata masu ciki na shiga, masu shara na shiga, tsofaffi na shiga, kowa ya dogara da sa hannun matsoraci. Kowace Juma'a kuma ina zaune a kan kafet ɗin nan ina rera waƙa tare da ku. Na tsani kaina, wallahi na tsani kaina.

Mutum ɗaya ne ya gane, Malam Hamisu direban kamfaninmu, Bakatsine, Musulmi, wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Da hutun ƙaramar salla ya zo, kamfani ya ba ma'aikata bas zuwa Ɗa'if a sha iskar dutse, sai ya matsa mini lamba sai na je.

Mun kwana a can kan dutsen. Da sassafe aka ce za a bi tsohuwar hanyar raƙuma, wadda aka shimfiɗa da duwatsu, a gangara har gindin dutsen da ƙafa. Na ce ni ne na farko. Ƙafa a ƙasa ai ba ta ba ni tsoro. Muka yi ta gangara, sanyin safe na kaɗawa, birai zaune a kan duwatsu suna ƙare mana kallo, ɗaya har ya fizge ledar burodin wani ɗan Indiya. Awa uku muna tafe. Ban taɓa tambayar yadda za a koma sama ba, na ɗauka bas zai zagayo ya kwashe mu.

Da muka isa ƙasa rana ta take, zafi kamar bakin tanda, na ce, “Malam Hamisu, ina motar?”

Ya ce, “Mota tana sama inda muka bar ta, Injiniya. Ni da ke tuƙa ta ba ga ni nan tare da kai ba?”

Ya nuna mini da haɓa. Wasu ƙananan akwatunan gilashi ne rataye a jikin igiyar ƙarfe, suna ɗaukar mutane suna hawa da su har ƙolin dutsen da muka sauko. Talafirik suke ce masa. Ni dai abin da na gani lifta ce da aka cire wa bango aka rataya a sarari.

Na ce ba zan shiga ba. Akwai tasi a bakin hanya, na nufe ta, har na kama murfin ƙofa. Malam Hamisu ya biyo ni, ya rage murya.

“Wata bakwai ina kallonka, tsummanka fari tas yake dawowa. Ni ba injiniya ba ne, amma na san igiya tana da giris. Hau tasi, mafi mushkila, in ji Larabawa, ba matsala. Jibi kuma ka koma ka sa hannu.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da farko da shi na yi fushi, direba zai gaya mini aikina? Sai fushin ya juya ya koma kan abin da ya mai da ni haka. Ni da na bar matata Rifkatu da yara uku na tsallako teku, ni da na yi shekara goma sha biyar a saman lifta, yau wani abu da ba shi da ko fuska yana ja na da hanci zuwa cikin tasi? Na saki ƙofar har mai tasi ya zage ni da Larabci. Na ce, “Yalla, mu je.”

Mu biyu kaɗai aka sa a akwatin. Ƙofa ta rufe, ƙasa ta fara nisa. Na runtse ido, amma kunnen mai gyara ba ya rufuwa. Duk turken da muka wuce ina jin ƙarar tayoyi, ina lissafa abin da zai iya kwancewa. Da muka kai tsakiya, daidai saman wani kwari mai zurfi, sai abin ya tsaya cak. Iska ta ɗauki akwatin tana lilo da shi.

Na zube a kan gwiwa. Malam Hamisu ya ciro carbinsa ya ce, “Yi taka, in yi tawa.”

'Yan'uwa, shekara shida ina kiran sunan Yesu da raɗa a ƙasar nan, labule a sauke. A can sama sai na tuna babu maƙwabci, babu bango, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe maƙogwaro na ƙwala kira: Yesu! Na faɗa masa komai da ƙarfi, takardun da na sa wa hannu, liftocin nan goma sha ɗaya, ban rage ko ɗaya ba. Sannan na juya kan tsoron na ce masa: kai ba ubangidana ba ne! Ba kai ka kawo ni ƙasar nan ba, ba kai za ka fitar da ni ba! In igiyar nan za ta tsinke ta tsinke ina kallonta, amma ba zan ƙara runtse maka ido ba!

Na buɗe ido. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron ya tafi nan take ba. Amma na miƙe tsaye. Na ga duwatsu jere har inda ido ya ƙare, na ga titin mota yana ta nannaɗewa a jikin dutsen, na ga siririyar hanyar da muka bi da safe. Sai na ɗaga kai na dubi igiyar da ke riƙe da mu. Ta sha giris, sumul, babu sili ko ɗaya a tashe. Wani wanda ban sani ba ya hau ya yi aikinsa tsakani da Allah, shi ya sa nake numfashi. Kuka ya ƙwace mini. Bayan 'yan mintoci akwatin ya ci gaba da tafiya.

Ranar Lahadi da aka koma aiki na shiga ofishin mudir, shugabanmu, na gaya masa gaskiya. Ya yi ihu, ya buga tebur, ya ce zai soke iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ya sa ni a jirgi. Na ce, “Ka soke, haƙƙinka ne. Amma sai na hau guda goma sha ɗayan nan tukuna, da hannuna.” Sai ya jefo mini makulli.

Kwana huɗu ina hawa. Ta ɗaya lafiya, ta biyu lafiya, har ta takwas. A ta tara, wadda masu shara ke cika da safe, tsakanin hawa na sha huɗu da na sha biyar, tsumma ya kama. Na tsayar, na haska tocila. Silin waya a tsintsinke wuri guda, igiyar ta fara buɗewa. Na kashe liftar, na zauna a kan rufinta ina kiran sunan Ubangiji.

Mudir ya rage mini matsayi, ban yi gardama ba, na cancanta. Iƙamata dai tana aljihuna. Ga kuma tsumman, na zo da shi. Ku miƙa wa juna, ku ga inda ya yage, ku sa yatsa a ciki.

Na gode wa Yesu da ya riƙe igiyar nan wata bakwai har na dawo hankalina. Na gode masa da ya aiko mini da Malam Hamisu. In akwai wani a ɗakin nan da ke sa hannu a kan abin da tsoro ya hana shi dubawa, ko a wurin aiki ko a cikin gidansa, ina roƙonka ka dogara ga Ubangiji ka hau ka duba gobe da safe. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Yanzu ku ce amin, wannan karon ku ɗan ɗaga murya.