Fasfon Auta

YAYA: Alo? Alo! Auta, kai ne?

AUTA: Salamu alaikum, Yaya.

YAYA: Wa alaikumus salam! Kai, alhamdu lillahi! Kwana shida ina kiranka, har matar nan ta cikin waya ta gaji da ce min a kashe take. Ina wuni?

AUTA: Lafiya lau. Ina gajiya?

YAYA: Ba gajiya. Ya gida? Ya Malama da yaran?

AUTA: Lafiya. Ya maigidan naki? Ya ƙafar tasa?

YAYA: Da sauƙi, har ya fara taka ta. Kai da ake ruwan wuta a kanku, kai ne mai tambayar ƙafa? Ya jikin jaririn?

AUTA: Ya yi haƙori.

YAYA: Ya yi me? Layin nan sai shuuu yake yi.

AUTA: Haƙori. Guda biyu, a ƙasa.

YAYA: Masha Allah! Kuna samun ruwa? Wuta fa?

AUTA: Ruwa akwai a baho. Wayar ma a batirin motar maƙwabci na ɗan sa ta.

YAYA: Mun gani a talabijin an tsagaita wuta na kwana uku. Ga manyan nan cikin kwat, suna musabaha, suna murmushi kamar masu rabon gado.

AUTA: An tsagaita. Har ƙasashen waje suka gama kwashe mutanensu da jirage. Na ƙarshe ya tashi jiya da la'asar, aka ci gaba da harbi.

YAYA: Innalillahi. To ba ni Tsuntsuwa in ji muryarta. Yau gidan shiru, ko barci take?

AUTA: Ba ta nan.

YAYA: Ta je ina a wannan hali?

AUTA: Sun tafi. Ita da uwarta da jaririn. Motar iyaka, tun da safe.

YAYA: Allahu akbar! Shi ne ka tsaya kana min zancen haƙori? Ashe kuna hanya! Ka ce min...

AUTA: Suna hanya.

YAYA: Ban ji ba.

AUTA: Su ne a hanya. Ni ina kicin.

YAYA: Kicin ɗin ina?

AUTA: Na gida. Kofuna nake wankewa. Sun sha shayi kafin su fita.

YAYA: Auta, ajiye kofin nan ka yi min magana kamar mutum. Kujera ce ta ƙare?

AUTA: Akwai kujera. Kusa da Malama ma, ta taga. A bakin ƙofar motar wani jami'i yake tsayawa, kowa ya ɗaga fasfonsa a buɗe, wajen hoto. Na ɗaga nasu uku. Ya ce ina na huɗu.

YAYA: To ina na huɗun? Kai da kake ɗaure su wuri guda da roba a jakar fata, ko Malama ba ka bari ta taɓa?

AUTA: Yana ofishin jakadancin ƙasar da kike zaune. Ranar Alhamis na kai neman biza. Asabar aka fara harbi.

YAYA: Wayyo. Wannan Alhamis ɗin.

AUTA: Na nuna masa rasit ɗin da suka ba ni. 'Yar takarda shuɗiya, lamba arba'in da bakwai. Ya duba gaba, ya duba baya. Mutumin kirki ne, har ya ce min yi haƙuri. Ya ce rasit ba ya tsallaka iyaka.

YAYA: To ka je ka karɓo abinka mana! Ko da biza ko babu, naka ne!

AUTA: Na je shekaranjiya, a ƙafa. Mu kusan talatin a bakin get. Kwaɗo ne a jiki, mai gadin ma babu. Wani dattijo ya yi ta danna ƙararrawa, ba wuta ma.

YAYA: Ai zan kira ma'aikatar harkokin wajensu a nan. Gobe da sassafe ina ƙofarsu. Sai sun sa an buɗe, ko a tura wani ya...

AUTA: Sun niƙa shi, Yaya.

YAYA: Sun yi me?

AUTA: Niƙa. A injin yanka takarda. Sun turo saƙo. Wai ƙa'idarsu ce, in za su bar gari cikin gaggawa ba sa barin takarda ko ɗaya, don kada ta faɗa hannun da bai dace ba. Duk fasfon da ke ajiye suka haɗa.

YAYA: Hannun da bai dace ba? Naka hannun fa?

AUTA: Sun ce suna baƙin ciki ƙwarai. Sun ce in nemi sabo a wurin hukumar ƙasata.

YAYA: To ofishin fasfo fa?

AUTA: Sojoji ke kwana a ciki. Na ga sun shanya wanki a tagar da ake ɗaukar hoto.

YAYA: Kwafi! Ba ka da kwafinsa? Kai da ko takardar awon ido sai ka yi mata kwafi uku?

AUTA: Ina da shi, mai kala. Na nuna wa jami'in. Ya ce hoton ya yi kyau.

YAYA: La ilaha illallahu. Ni ce, Auta. Ni na matsa maka. Ni na ce ka fara zuwa kai kaɗai, in ka kama aikin sai su biyo baya. Ka ce a bari sai bayan wata, na ce kantin maganin da zai ɗauke ka a nan ba zai jira ka ba. Har faɗa na yi maka.

AUTA: Ai alheri kika nufa.

YAYA: Kada ka ce min haka! Ka zage ni ma ya fi min.

AUTA: Ba ni da ƙarfin zagi. Wallahi ba na jin komai. Tun da motar ta tashi nake jira in ji wani abu, shiru. Na dawo na share falo. Na ga takalmin Tsuntsuwa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera, na ɗora a kan firij.

YAYA: Meye wannan? Auta! Wannan ƙarar fa?

AUTA: Da nisa. Wajen gada ne. In na kusa ne cokula ke fara kaɗawa.

YAYA: Ka bar gidan nan. Ba masu bi da mutane ta bayan gari?

AUTA: Akwai. Ɗan mai wanki ya bi su, yau kwana tara ba labari. Kuma mutane na ƙwanƙwasa min ƙofa. Sun san ni ne mai kantin magani. Allurar masu ciwon suga ta lalace tun da firij ya mutu, amma suna zuwa. Ina ba su abin da ya rage.

YAYA: Kai da kanka kana cin abinci kuwa?

AUTA: Malama ta bar tukunya. Ta yi yawa ga mutum ɗaya. Au, na manta ban faɗa miki ba. Sun ba ni.

YAYA: Sun ba ka me?

AUTA: Bizar. Da na kunna wayar nan saƙon ya shigo, na'urarsu ce ke turawa da kanta. Wai suna taya ni murna. In zo in karɓi fasfona daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, in taho da rasit.

YAYA: Wayyo Allah na. Wayyo ƙanena.

AUTA: Kada ki yi kuka, batirin ya yi ja. Ki saurara. In sun tsallaka, Malama za ta kira ki da wayar wani. Na rubuta mata lambarki a hannu da biro, na kuma rubuta a cikin rigar jaririn. Ki yi musu hanya su iso wurinki.

YAYA: Ko zan sayar da gadon kwanana sai sun iso.

AUTA: Tsuntsuwa ba ta barci sai an bar ƙofa a buɗe kaɗan. Kuma ta ƙi shiga motar sai da na ce mata zan biyo ta gaba.

YAYA: Akwai ta gaba?

AUTA: Akwai. Jami'in nan ne dai a bakin ƙofar.

YAYA: Auta...

AUTA: Za ta tambaye ki yaushe zan zo. Don Allah kada ki ce mata gobe. Ta san gobe yanzu, tana tashi da safe za ta je ta tsaya a bakin ƙofa.

YAYA: To me zan ce mata? Auta, me zan ce mata? Alo? Alo!